Rawar Tsintsiya

Tun hantsi dattawan suke tsaye a bakin ƙofar gida, ga shi rana ta take tsaka babu wanda ya ce musu ku shigo.

Hlengiwe na hangen su ta bayan labule. Kawunnan Motlatsi ne su uku, sun taso tun daga Sebokeng cikin kwat da huluna don su nema wa ɗansu aurenta. Babbansu ya yi ta jero kirarin gidan Sithebe, gidan su Hlengiwe, har muryarsa ta dushe. Maƙwabta duk sun fito, wata na share inda babu datti, wata na shanya kayan da suka bushe tun jiya. Kowa a unguwarsu ta Orlando ya san ana barin masu neman aure su ɗan sha rana don su san yarinya na da daraja. Amma wannan ya wuce jan aji.

A falo kuwa mahaifiyarta, MaNgcobo, guga take yi. Ta shimfiɗa shuɗiyar rigarta ta matan coci tana bi a hankali, kamar babu abin da ke faruwa a duniya.

Ƙanin uwar, kawun Hlengiwe, Malume Zakhele, yana zaune a gefe da hularsa a kan gwiwa. Shi aka kira ya karɓi baƙin, tun da dangin mahaifin Hlengiwe sun daɗe da janye jiki daga gidan.

"Sisi, yayata," ya ce, "mutanen nan fa dattawa ne. Ɗayansu da sanda yake tafiya. Ko ruwa a miƙa musu."

"Ba ni na gayyato su ba."

Hlengiwe ta saki labulen ta zo ta durƙusa a gaban teburin gugar. Ma'aikaciyar jinya ce, ta saba ganin jini da mutuwa idonta ko gezau, amma a gaban matar nan har yanzu yarinya ce.

"Mama, me ya yi miki? Ba ya shan giya. Bai taɓa ɗaga mini murya ba. Duk ranar da ya zo da hannu biyu yake gaishe ki."

"Na sani," in ji uwar. "Ubanki ma da hannu biyu yake gaisuwa."

Uban da ake maganarsa shi ne Bra Amos Sithebe, mawaƙin da duk ƙasar ta taka rawa da waƙoƙinsa. Ya rasu shekarun baya, amma har gobe ba a tashi biki ba a sa shi ba. Yanzu kuma wasu a cikin birni sun tattara waƙoƙin nasa sun ɗinka labarin rayuwarsa da su, rawa da waƙa daga farko har ƙarshe, suka sa wa wasan suna Amos Bai Mutu Ba. Cikin ɗaruruwan samarin da suka je gwaji, Motlatsi aka zaɓa ya fito a matsayin marigayin.

MaNgcobo ta ajiye dutsen gugar.

"Kullum na fita sayen cefane sai na ga mijina manne a bayan tasi, cikin farar kwat, ƙafa ɗaya a sama, da fuskar wani yaro. Na haɗiye wannan. Yanzu kuma kina so in buɗe masa ƙofa ya shigo mini da ƙafarsa."

Ana cikin haka wata baƙar mota ta tsaya a waje. Mxolisi ne, ɗan mai gidan shirya jana'iza na unguwar. Su suka binne Bra Amos, kuma tun daga lokacin ya riƙe gidan: shi ke kai MaNgcobo awon hawan jini, shi ke gyara rufi idan ƙanƙara ta fasa. Bai taɓa ɓoye abin da ke kawo shi ba, Hlengiwe kuma ba ta taɓa ɓoye masa amsarta ba.

Ya fito da tukunyar gas a kafaɗa. Ya rusuna ya gaishe da dattawan cikin ladabi, sannan ya tura ƙofar da aka hana su ya shige ciki.

Wannan ne ya ƙarasa su. Mai sandar ya dubi 'yan uwansa, ya cire hula ya share zufa, suka juya suka tafi. Hlengiwe ta bi bayansu da ido har suka sha kwana, sannan ta shige ɗaki ta kife a kan gado.

Sai da la'asar, bayan Malume Zakhele ya tafi yana girgiza kai, uwar ta shigo ta zauna a bakin gadon.

"Kin san waƙar tsintsiya," ta ce.

Wa bai san ta ba? Waƙar Ta Kore Ni da Tsintsiya ita ce babbar waƙar Bra Amos. Da an sa ta a biki sai mata su ruga kicin su ɗauko tsintsiyoyi, maza su yi ta tsalle suna gocewa, kowa na shewa. Hlengiwe ta san mahaifiyarta ba ta son waƙar, amma ta ɗauka kunya ce kawai.

"Kin kuma san yayanki Lindani, wanda hotonsa ke kan kabad."

"Na san shi, Mama."

"To amma ba ki san abu ɗaya ne ba."

Sai ta ba ta labarin, muryarta a kwance kamar mai karanta sanarwa. Lindani na da shekara huɗu zazzaɓi ya kama shi, wuyansa ya sanƙare. Lokacin tana da tsohon cikin Hlengiwe. Amos na da wasa a Durban. Ta riƙe masa riga a ƙofar asibiti tana roƙon kada ya tafi, ya ce jama'a sun sayi tikiti, kwana biyu ne kawai. Daga Durban aka ce ana neman su a wani garin, daga can kuma wani. Ranar da ya dawo, an riga an binne yaron. Masu zaman makoki sun watse, tana tsakar gida tana share inda suka zauna, sai ga shi ya shigo yana fito, da motar wasan yara a hannu.

"Ban san lokacin da na ɗaga tsintsiyar ba. Na yi ta dukansa har ta karye. Ya ruga titi, mutane na kallo. Bai sake kwana a gidan nan ba."

Ta goge ido da bakin ɗankwalinta.

"Ko shekara ba a yi ba na ji ta a rediyo. Babu Lindani a ciki. Babu asibiti, babu kabari. Mace ce kawai mai masifa da miji mai saurin ƙafa. Na raba abinci a bukukuwan mutane ana taka ta a kaina, Hlengi. Na yi murmushi, don kada a ce ban iya raha ba."

Hlengiwe ta rungume ta, suka yi kukansu tare. Da suka lafa sai ta ce cikin shessheƙa, "Amma Mama, Motlatsi ba Baba ba ne."

"Shi ma jama'a za su sayi tikiti."

Ta miƙe, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Ki gaya masa ya ajiye wasan nan. Ya nemi aiki, ko gadi ne. Ranar da ya cire farar kwat ɗin nan, ni da hannuna zan dafa wa kawunnansa abinci, in durƙusa in ba su haƙuri."

Ranar Litinin da ta tashi daga aiki, Hlengiwe ta hau tasi zuwa Newtown, inda su Motlatsi suke atisaye. Babban zaure ne mai madubai, yana warin zufa da man zafi. Ta tarar an ba su hutu, 'yan rawa sun baje a ƙasa suna cin burodi da soyayyen dankali. Motlatsi na can kusurwa da ƙanƙara a kan gwiwa. Da ya gan ta bai yi murmushi ba.

Suka fita bayan ginin. Ya fara da abin da ke cin sa: kawunsa mai sanda na kwance ƙafafu a kumbure, mahaifiyarsa kuma ta ce ba a kan 'yar Sithebe aka ƙare mata ba. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne labarin tukunyar gas.

"Wato mai akwatin gawa shi yana da izinin shiga, kawunnaina kuwa sai dai rana. Ki ce ya auna ni tun yanzu, ya ga ko ina da tsawon akwatinsa."

"Ka bar maganar Mxolisi. Ba shi ne matsalarmu ba."

Ta ba shi labarin Lindani kamar yadda aka ba ta. Yana ji yana sunkuyar da kai, har ya zauna a kan wani tsohon bokiti ya dafe fuska. Sai da ta faɗi sharaɗin uwar sannan ya ɗago.

"In ajiye?"

"Haka ta ce."

"Ke kuma me kika ce?"

Ta san daga inda ya fito. Tun yana yaro yake rawa a tashar jirgin ƙasa, a bakin shaguna, a kan kwalta mai zafi da takalmi a ɓule. Ya yi rawa a bayan mawaƙan da ko sunansa ba su sani ba. Yanzu ne karon farko da aka rubuta sunan nasa da manyan baƙaƙe, kuma ana maganar idan an gama da Johannesburg za a fita da wasan ƙasashen waje.

"Hlengi, saura kwanaki a buɗe. Mutum nawa kika gani a ciki? Kowa da bakin da yake ciyarwa. In na fita, da su na fita." Ya dube ta. "Kuma in na zama maigadi, wa za ki aura? Mutumin da kika so ai a can ciki yake. Wanda zai zauna a kan kujera da tocila wani ne daban, kuma ba zai yafe miki ba."

Hawaye suka zubo mata.

"To ni in yi yaya? Ita ce ta goya ni ita kaɗai. Kai kuma kai ne. Kowannenku ya riƙe hannu ɗaya yana ja, babu mai tambaya ko ina jin zafi."

Ya tashi ya riƙe ta. Sun jima a haka, sannan ya ce yana da dabara. Zai sami Sis Pinky, shugabar wasan, ya gaya mata gaskiyar waƙar. Ba za a iya cire ta ba, don ita mutane za su zo ji, amma za a iya sauya ta. Zai rera ta a hankali, shi kaɗai a kan dandali, kamar mai neman gafara. Babu mata, babu tsintsiya, babu dariya.

"Za ta yarda?"

"Ki bar ni da ita."

Bayan kwana biyu ya kira ta a waya ya ce an gyara. Ta tambaye shi ko ya tabbata, ya ce ya rantse da kabarin mahaifinsa.

A kan wannan rantsuwar Hlengiwe ta ɗora komai. Ta sayi tikiti na wasan farko da za a nuna wa jama'a, ranar Asabar da rana, ba ta gaya masa ba, don tana so ya ɗaga ido kawai ya gan su. Sannan ta tasa uwar a gaba da roƙo, safe da yamma. Ta ce mata yaron ya ji labarin Lindani ya yi kuka, ya sa an sauya waƙar saboda ita. Ta ce ta zo ta gani da idonta sau ɗaya tak, idan ta ga abin da ya ɓata mata rai, ita Hlengiwe ba za ta ƙara ambatar sunansa a gidan ba.

MaNgcobo ta daɗe tana kallon ta.

"Saboda ni aka sauya?"

"Saboda ke, Mama."

Wani abu ya gilma a fuskar tsohuwar, abin da 'yar ba ta taɓa gani ba. Ba ta ce ta yarda ba. Amma ranar Juma'a ta je aka gyara mata gashi.

Mxolisi ne ya kai su, don uwar ta ce ƙafarta ba za ta iya layin tasi ba. Ya sa kwat mai ruwan toka, ya buɗe musu ƙofa, ya saya musu lemo a bakin zauren. Hlengiwe ta so ta ji haushinsa, ta rasa inda za ta kama.

Zauren ya cika maƙil. Akwai tsofaffin da suka yi samartaka da waƙoƙin, akwai jikokinsu. Babu wanda ya gane matar da ke zaune a tsakiya da jakarta a kan cinya.

Da aka kashe fitilu kiɗa ya tashi, sai ga Motlatsi ya faɗo dandalin kamar an harbo shi. Farar kwat, takalmi baƙi da fari, siririn gashin baki da aka zana masa. Jama'a suka ɗauki shewa. Ƙafafunsa ba sa taɓa ƙasa. Ya zama yaron da ya sauka daga jirgi da jita a baya, ya zama mai wanke motoci yana waƙa, ya zama saurayin da ke tare 'yan mata a bakin famfo, 'yan rawa na zuba a bayansa sahu-sahu kamar ruwa.

Hlengiwe ba dandalin take kallo ba, mahaifiyarta take kallo.

Da farko tsohuwar ta ƙame kamar gunki. Amma da aka shiga Jirgin Asuba, waƙar da Amos ya yi lokacin yana neman aurenta, sai yatsunta suka fara motsi a kan jaka. Can kuma ƙafarta ta kama. Ta matso kusa da kunnen 'yarta.

"Haka ubanki yake ɗaga kafaɗa," ta raɗa. "Wa ya koya wa yaron nan?"

Idanunta sun cika, amma bakinta murmushi yake. Hlengiwe ta kama hannunta ta matse, zuciyarta na bugawa. A ranta har ta fara tsara ranar da kawunnan za su dawo.

Sai kiɗan ya sauya.

Tun daga bugun farko zauren ya gane. Mutane suka fara ihu tun ba a ga kowa ba. Daga gefen dandali wani ƙaton namiji ya fito cikin kayan mata, an cusa masa matasai gaba da baya, ɗankwali a karkace, silifas ɗaya a ƙafa, yana jan tsintsiya mai tsawon mutum. Ya tsaya ya riƙe ƙugu ya murguɗa baki.

Motlatsi ya zube a kan gwiwa, ya haɗa hannu, ya ƙwala da muryar tsoro ta wasa, "MaNgcobo, matata, ki yi mini rai!"

Zauren ya fashe da dariya.

Hannun da ke cikin na Hlengiwe ya yi sanyi.

Aka shiga rawar gadan-gadan. Ƙaton na kai duka, Motlatsi na tsallake tsintsiyar, ya bi ta ƙarƙashinta, ya juya a iska ya dira a bayansa ya ɗan taɓa matashin. Mata goma suka fito da nasu tsintsiyoyin suna bin maza goma. Babu shakka ita ce rawa mafi kyau a wasan. Wani dattijo a gabansu ya yi dariya har yana tari, matarsa na bubbuga masa baya. Aka kunna fitilun zauren, 'yan rawa suka sauko suna miƙa wa 'yan kallo ƙananan tsintsiyoyi.

MaNgcobo ta zare hannunta. Ta miƙe a hankali, ta rataya jakarta, ta fara ratsa layin tana ce wa kowa, "Gafara, ɗana. Gafara, 'yata." Wata 'yar rawa ta miƙo mata tsintsiya da fara'a. Ta dubi yarinyar, ta kewaye ta, ta wuce.

A daidai lokacin Motlatsi ya gan su. Hlengiwe ta ga idonsa ya sauka a kan uwar, ya dawo kanta. Ƙafarsa ta ɗan sassarfa, bugu ɗaya kawai. Sannan ya kama kiɗan ya ci gaba, ya kai rawar har ƙarshe.

A waje rana na nan tangararan, motoci na wucewa, mai gasa masara na fifita wuta. Tafin da ake yi a ciki yana fitowa har titi. Mxolisi ya ruga ɗauko mota. MaNgcobo ta jingina da bango tana numfashi sama-sama, Hlengiwe na laluben maganinta a jaka.

"Mama, wallahi ban sani ba. Ya rantse mini."

"Na san ba ki sani ba."

Ƙofar gefe ta buɗe, Motlatsi ya fito da gudu, an tafi hutun rabin lokaci. Zufa ta jiƙa farar kwat ɗin, gashin bakin da aka zana ya fara narkewa. Ya zo ya zube a gaban tsohuwar a kan kwalta, wannan karon ba da wasa ba.

"Mama, ki saurare ni."

Ta dube shi tun daga takalmi har kai. Ta daɗe tana kallon kwat ɗin.

"Sunansa Lindani," ta ce. "Yana son shayi da sukari da yawa. Ba ya barci sai ya riƙe kunnena." Ta mayar da idonta kan fuskarsa. "Ka iya rawa, ɗana. Ka ma fi Amos iyawa. Allah ya ba ka sa'a."

Motar ta iso. Mxolisi ya riƙe ta ya zaunar da ita a baya, ya rufe ƙofa, ya koma gefe ya ba su wuri.

Motlatsi ya miƙe ya fuskanci Hlengiwe. Ya ce ya yi wa Sis Pinky maganar, Allah ne shaida. Ta yi dariya ta ce wa zai sayi tikiti ya zo jin kuka, idan ba zai iya ba akwai mai jiran rigar. Ya rasa yadda zai gaya wa Hlengiwe. Ya ɗauka tsohuwar ba za ta taɓa tako ƙafa nan ba, ita kuma Hlengiwe idan ta gani daga baya zai lallashe ta.

"Da kabarin mahaifinka ka rantse."

"Tsoron rasa ki nake yi."

"Ka kira sunanta, Motlatsi. Ba ka ce matata kawai ba. Sunanta ka kira, kana sane da abin da aka binne a ƙarƙashin waƙar nan." Kuka ya ci ƙarfinta, ta dafe ƙirji. "Ni na kawo ta. Ni na ce mata saboda ita aka sauya. Ta je ta gyara gashi. Ka san rabon da wani ya yi wani abu saboda ita?"

Ya miƙo hannu, ta ja da baya.

"Ka gan ta ta tashi. Na ga idonka. Me ya sa ba ka tsaya ba?"

"Ba a tsayawa a tsakiyar rawa, Hlengi."

Maganar na fita ya gane abin da ya faɗa.

Sai ga Sis Pinky ta leƙo ta ƙofar gefe, gajeriyar mace mai jan gashi, da sigari a hannu. Ta ce masa an kaɗa ƙararrawa, mutane na komawa kujerunsu, ya zo a gyara masa fuska. Idonta ya kai kan motar, wani ya riga ya raɗa mata ko wace ce a ciki. Fuskarta ta washe.

"Ita ce da gaske? Kai, ku roƙe ta ta tsaya mana. In an gama mu hau da ita dandali mu ba ta tsintsiyar, zauren nan sai ya rushe."

Hlengiwe ta juya mata baya. Sis Pinky ta ɗaga kafaɗa, ta ce wa Motlatsi ba za ta sake kira ba, ta koma ciki.

Hlengiwe ta share fuskarta da bayan hannu.

"Ga ta can a mota, jininta ya hau. Asibiti za mu. Ka shigo mu tafi, haka nan yadda kake. Ba na neman ka bar wasan har abada. Yau kawai. Rabin nan kawai."

Ya dubi motar. Ya dubi ƙofar. Daga ciki an fara jin makaɗa na gwada kayansu, jama'a kuma sun soma kiran sunan Amos suna tafi a tare.

"Zan zo da an tashi," ya ce. "Wallahi kai tsaye zan zo. Awa ɗaya ce kawai."

Ya ja da baya taku biyu yana kallon ta, hawaye na wanke kwalliyar fuskarsa, sannan ya juya ya ruga. Ƙofar ta rufe a bayansa.

A cikin motar Mxolisi na tuƙi a hankali, yana kauce wa ramuka. Hlengiwe ta riƙe wuyan hannun uwar tana jin bugun jininta, idonta a kan tagar. Sun bar birni, sun hau babbar hanya, tuddan ƙasar ma'adinai na wucewa jawur a rana.

Can MaNgcobo ta buɗe ido.

"Mxolisi."

"Na'am, Mama."

"Ka gaya wa mahaifinka ya shirya mutanensa su zo neman aure."

Mxolisi ya kunna sigina, ya gangara gefen hanya, ya kashe motar. Bai juyo ba, ta madubi ya nemi idon Hlengiwe.

"Mama, ki yi mini afuwa. Na daɗe ina jiran wannan maganar, amma ba daga bakinki ba. Ba zan tura kowa ba sai ita ta ce."

Manyan motoci na wucewa suna girgiza su. Hlengiwe ta dubi fuskar uwar, gashin da aka gyara jiya ya lanƙwashe a jikin kujera. Ta dubi idanun da ke cikin madubi, masu haƙuri, waɗanda ba su taɓa sa zuciyarta ta buga ba ko sau ɗaya.

"Ka turo su," ta ce.

"Hlengiwe, ba sai yau ba. Ki bari ranki ya huce."

"Ka turo su. Amma ka sani, ba na son ka. Ban sani ba ko zan taɓa son ka."

"Na sani," ya ce a hankali.

Ta juya ga mahaifiyarta, tana jiran ta ga sauƙi a fuskarta, ko da kaɗan ne, tun da ta samu abin da take so. Amma MaNgcobo kallon 'yarta kawai take yi, kamar yau ta fara ganin ta. Ta sa hannu biyu ta rufe fuska, ta fashe da wani irin kuka mai sauti, wanda ko a makabarta Hlengiwe ba ta ji ta yi ba.